Wa Ke Dafa wa Ma'aikaci?

Kowace shekara idan damina ta ja baya, watan Oktoba ya kama, za ku ga motocin kasuwa da babura suna fita daga Tasawa da Mayahi ɗauke da ma'aikata zuwa wuraren da takardar aiki ta tura su. Wani malamin lakwal ne, za shi wani ƙauye na Urafan ko Korgom. Wani majo ne, an ba shi gidan likita a yankin Kanambakashe. Wata ungozoma ce za ta Isawan, wani kuwa malamin gona ne ko na dabbobi. Ku dubi kayan da aka ɗaure musu: katifa, tabarma, jakar tufafi, fitila, rediyo, da butar shayi tare da ƴan kofunanta. Ita wagga buta ba a taɓa mantawa da ita. Abin da ba safai ake gani cikin kayan ba shi ne tukunya da ludayi, ko da kuwa mutumin zai yi wata tara a can shi kaɗai, iyalinsa suna Maraɗi ko Damagaram, ko kuma bai yi aure ba tukuna.

To, mutum ba ya yin wata tara da shayi. Dole wani ya dafa masa. Wane ne wanga mai dafawa, kuma wa ke ɗaukar nauyin abin da aka dafa? Mu dai ra'ayinmu shi ne, ma'aikacin da ke zaune shi kaɗai ya kamata ya hura wutarsa da hannunsa, ko da sau ɗaya ne a yini, kuma yawan aiki bai isa ya zama hujjar barin haka ba. Ga dalilanmu.

Mu fara da akushin mai gari. Al'adarmu ce, kuma kyakkyawa ce, baƙo ya sauka a kawo masa ruwa, a kawo fura, da dare a aiko da tuwo. Babu ƙauyen da ke bakin Gulbin Kaba da zai bar malamin ƴaƴansa ya kwana da yunwa. Amma an ce baƙo raɓa ne, watau ya kwana ya wuce. Wanda ya share wata tara ya wuce raɓa, ya zama ɗan gida, ɗan gida kuwa yana da nasa kaso na ɗawainiya. A watan Nuwamba, lokacin da rumbu ke cike, kwano ɗaya na tuwo ba ya damun kowa. Ku jira watan Mayu da Yuni, sa'ad da uwargida ta fara auna hatsi da tafin hannu, maigida ya tafi ci-rani Kano ko Agadas bai aiko ba, ana zuba ido ga ruwan shuka. A sa'an nan ma akushin malam ba ya fashi, domin kunya ba ta bari a ce masa babu. Sai ga mai albashi, komi ƙanƙantar albashin, yana cin tuwon wanda ba ya da komi sai abin da ya saura a gindin rumbu. Manomi ba zai buɗe baki ya faɗa ba har abada. Matarsa ce kaɗai ta san abin da aka rage daga kwanon yara.

Akwai abin da ya fi wanga nauyi, kuma kowa ya san shi, sai dai ba a cika faɗinsa a wurin taro ba. A ƙauyuka da dama ƴan lakwal ne ke riƙe da gidan malami. Yara maza su ɗebo ruwa su yo itace, ƴan matan aji biyar da na shida su yi surfe, su yi daka, su ɗora tukunya, su wanke kwanoni. Wani lokaci ma ana cikin darasi za a ce wa biyu daga cikinsu su je su duba wuta. Mun kwashe shekaru muna roƙon iyaye a Mayahi da Tasawa su bar ƴaƴansu mata su ci gaba da karatu. A watan Disambar 2017 gwamnati ta fito da doka ta musamman domin kare yarinyar da ke makaranta da tallafa mata. To, me za mu ce wa uban da ya tarar da ɗiyarsa tana tuƙa wa malami tuwo a lokacin da ya zaci tana koyon lissafi? Amsarsa ɗaya ce, kuma ba mu da abin da za mu kayar da shi: idan daka za ta yi, gara ta daka wa uwarta. Ba mu ma shiga maganar tsegumin da ke biyo bayan shigar budurwa ɗakin gwauro safe da yamma ba, da abin da wani lokaci kan wuce tsegumi. Malami ɗaya ya yi haka, malamai goma masu tsare mutuncinsu su sha zargi, ajin ƴan mata kuma ya watse.

Ma'aikacin da ke cikin gari shi kuma yana da mai abinci. A nan ba mu ga laifin kowa ba. Tasawa gari ne na kan hanya tun zamanin ayari, har Bature matafiyi Heinrich Barth da ya ratsa ta a farkon shekarar 1851 ya tarar ana sayar da dafaffen abinci a kasuwarta. Yau ma babbar hanyar da ta haɗa Maraɗi da Damagaram ta cikinta ta bi, kuma duk wanda ya tsaya a tasha ya san ba a rasa ƙosai da waina da shinkafa da wake da tsire. An yi abincin tasha domin matafiyi. Wahalar tana farawa ne sa'ad da mazaunin gari ya mai da kansa matafiyi shekara guda cur. Da safe burodi da madara wurin mai shayi, da rana shinkafa da jan mai, da dare garin rogo da suga, ko taliyar leda da kifin gwangwani. Mu ƙaddara mutum yana kashe dala 100, watau sefa 500, a kowane zama, sau uku a yini. A wata ya kashe jaka 45, ban da shayi da goro da ruwan leda. Kowane ma'aikaci ya ɗora wanga lissafi a kan albashinsa ya ga abin da ya saura na aika wa iyaye da na iyali.

Tun daga shekarar 1998, da aka fara ɗaukar malamai ƴan sa-kai, waɗanda daga baya suka zama ƴan kwantaragi, yawancin masu riƙe da alli a karkara matasa ne masu ƙaramin abin hannu, kuma sun sha jiran kuɗinsu fiye da ƙarshen wata. Wanda ya sayi tiya goma na hatsi da tiya biyar na wake a lokacin kaka, idan kuɗi suka yi jinkiri yana da abin da zai ɗora a wuta. Wanda bai saya ba sai littafin bashi. Bashin abinci kuwa yana cin wani abu da ya fi kuɗi. Majon da mai tuwo ke bi jaka 20, da wane baki zai ce mata ta rufe kwanonta saboda ƙuda, ko ta daina wanke kwanoni talatin da ruwan bokiti ɗaya? Zai gani ya kau da kai. Daga ranar nan aikin tsabtar gari ya mutu a hannunsa.

Abin mamaki shi ne, duk wanga yana faruwa a ƙasar wake. In ban da Najeriya, babu ƙasar da ta fi Nijar noman wake a duniya, kuma jahar Maraɗi tana cikin manyan masu nomansa. Buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda ke kashe ƙwarin wake ba tare da magani ba, masu binciken INRAN na Maraɗi suna cikin waɗanda suka yi aikinsa tare da jami'ar Purdue ta Amurka tun wajen shekarar 2007. Malamin gona ya wuni yana nuna wa manoma yadda ake ɗaure bakin buhun, ya koma ɗakinsa babu ko tiya ɗaya ta wake, ya jiƙa garin rogon da aka ɗauko daga kudu. Majo ya wuni yana gaya wa mata su sa garin wake da ƙuli-ƙuli da zogala cikin kunun yara, shi kuwa rabonsa da ganye tun ranar suna. Mutanen ƙauye ba su da takarda, amma suna da ido. Suna ganin gwangwanayen da aka zubar a bayan gidan likita, kuma daga nan suke gane abin da mai ilimi ya ɗauka abinci ne na gaske. A shekarar 2023, da aka rufe iyakoki, shinkafar waje da kayan gwangwani suka yi tsada, wanda ya saba da hatsi da wake bai ji jiki kamar wanda cikinsa ya dogara ga abin da mota ke kawowa ba.

Ga kuma maganar lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, watau kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma ya samu aƙalla giram 400 na ganye da kayan lambu da ƴaƴan itace. Dunƙulen magi kuwa kusan rabinsa gishiri ne, kuma mai sayar da abinci ba ta ƙidaya shi domin lafiyarka, tana sa shi ne domin ka dawo gobe. Man da aka soya ƙosai da shi jiya shi za a soya da shi yau. A ƙara da sugan shayi zagaye uku, safe da yamma. Ɗan shekara 25 ba ya jin komi, sai ya kai 45, likita ya ɗaura masa abin awo a hannu ya ce hawan jini, ko ya ce ciwon suga. A shekarar 2015 hukumar nan ta bayyana cewa mutum miliyan 600 ke kamuwa da ciwo kowace shekara a duniya ta hanyar gurɓataccen abinci, 420,000 daga cikinsu su rasu, kuma nahiyar Afirka ce ta fi jin nauyin abin. Idan malami ɗaya ne a lakwal, gudawa ta kwantar da shi kwana uku, lakwal ta rufe kwana uku ke nan. Idan majo ne, mai naƙuda sai amalanke zuwa wani gari.

Za a ce mana babu lokaci. Wagga magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba mu raina ta ba. Majon da ke shi kaɗai a gidan likita ba ya da dare ba ya da rana, balle daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke cika masa rumfa da yara. Malamin da aka haɗa wa aji biyu yana shirya darasin gobe da fitila. Ma'aikacin biro da ke aikin yini ba tare da komawa gida da rana ba yana isowa da la'asar sakaliya, a gajiye. Duk mun yarda. Amma mu tambayi butar shayin nan da ba a mantawa da ita: minti nawa take ci daga zagayen farko zuwa na uku? Ba ta kasa awa guda. Mutumin da ya ce ba ya da lokacin dahuwa ya iya hura gawayi, ya iya fifita, ya iya zama gaban wuta yana jira, ya iya ɗanɗanawa ya ce suga bai ji ba. Rabin aikin mai dahuwa ke nan. Da ya ɗora ƴar tukunya a gefen butar, da wake ya nuna kafin a sha na uku.

Saboda haka mu a ganinmu ba lokaci ne babban shinge ba, kunya ce. Ana jin nauyin a ce an ga malam yana yanka albasa. To, a duba da kyau, su wa ke gasa tsire da balangu a Tasawa? Su wa ke shanya kilishi? Mai shayin da ke soya maka ƙwai da safe mace ce?  Soja yana dafawa a daji, makiyayi yana dafawa a mashekari, ƴan ci-raninmu a Legas da Abijan da Libiya suna karɓa-karɓa a kan tukunya ɗaya, su dawo gida ba wanda ya ce rawaninsu ya ragu. A zamanin Turawa ma kukun kumandan namiji ne, har ana ganin girmansa. Ashe namiji yana dafawa idan domin kuɗi ne ko domin tilas. Sai idan domin lafiyarsa ne da mutuncinsa abin ke zama abin kunya? Wagga kunya ba ta da asali. Ta ƴan boko ce, waɗanda suka ɗauka takardar shaida ta raba hannunsu da toka.

Sai dai kada wanda ya ji wagga magana ya tashi ya ce zai yi irin dahuwar uwarsa. Ba zai iya ba, kuma ba a bukata. Dahuwar gidan mutum goma sha biyar daban, ta mutum ɗaya daban. Surfe da daka da tankaɗe su ne ke cinye yinin mace, kuma duk ana iya sallamarsu a rana ɗaya: a kai hatsi injin niƙa ranar kasuwa, Lahadi a Tasawa, Litinin a Mayahi, a shanya garin ya bushe sarai, a zuba a roba mai murfi. Sauran kayan kuwa, kakanninmu sun riga sun yi mana tunaninsu, domin su ma ba su da firiji. Kuka, busasshiyar kuɓewa, kauɗar tumatir, daudawa, barkono, busasshen kifi, busasshiyar zogala, yakuwa, ƙuli-ƙuli, man gujiya, albasar Galmi: a cikinsu babu wanda ke lalacewa a mako, yawancinsu suna yin watanni. Wanda ke da waɗanga a kwali ɗaya a ƙarƙashin gado, miyar kuka ba ta ɗaukar masa fiye da minti 20, tuwon mutum ɗaya kuwa bai kai haka ba.

Wake shi ne babban abokin gwauro, kuma shi ne aka fi yi wa ƙazafin cin lokaci. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙwayarsa abincin gina jiki ne, irin wanda ake nema a nama. Sirrinsa jiƙo. A zuba shi a ruwa kafin a kwanta. Da asuba a zubar da ruwan, a sa sabo, a ɗora, a jefa ƴar kanwa kaɗan, a bar shi ya tafasa sosai kamar minti 20, lokacin da ake wanka da shirin fita. Daga nan a sauke tukunyar da murfinta a rufe, kada a buɗe, a naɗe ta da tsohon bargo, a cusa ta cikin kwando ko kwali da aka cika da ƙaiƙayi ko tsummoki. Zafin da ke ciki ba ya samun hanyar fita, sai ya ci gaba da aikinsa. Malam ya tafi aji, ya dawo da tsakar rana, ya tarar wake ya nuna, ba a ƙone itace ko ɗaya a bayansa ba, ba a kuma fitar da yarinya daga darasi ta duba wuta ba. A mai da shi kan wuta ya sake tafasa, a zuba mai da yaji da albasa. Shinkafa da wake ma haka ake yi musu, sai dai su ba su kai wanga lokaci ba. Dahuwa lokacin wuta take ci, na mutum kaɗan take bukata.

Ranar hutu kuma a soya tushen miya: albasa da tumatir da tattasai cikin mai, a bar su a wuta har ruwansu ya ƙone ƙaf, mai ya taso sama. Irin wanga yana jure kwana biyu ko uku idan ana tafasa shi safe da dare, ana kuma ɗiba da cokali mai tsabta. Yau a sa masa kuɓewa, gobe a zuba shi a kan dambu, jibi a kan shinkafa. Da safe kunun hatsi da ƙuli-ƙuli ya fi burodi riƙe ciki har azahar. Kwaɗon zogala kuwa, idan an sayi dafaffen ganyen, ko wuta ba ya bukata.

A nan dole mu ja kunne, domin zafin ƙasarmu ba abin wasa ba ne. A watan Afrilu da Mayu ma'aunin zafi yana haura 40, abincin da aka bari a buɗe tun safe yana iya zama guba kafin la'asar, ko da hanci bai ji komi ba. Ƙa'idar masana lafiya ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye ba a kan wuta ba, ba a cikin sanyi ba, kuma idan za a ɗumama shi a ɗumama har ya yi zafi ciki da waje. Iyayenmu mata da ke tafasa miya kafin su kwanta, su yi ɗumame da safe, wagga ƙa'ida suke bi ba tare da sun karanta ta ba. Shinkafa tana da saurin juyawa, kada a dafa wadda ta wuce ta zama ɗaya. Kada kuma a dogara ga firiji ko a cikin gari. Wutar da yankinmu ya saba samu ta layin Katsina da ya biyo ta Gazawa, kowa ya tuna yadda aka yanke ta a watan Agustan 2023, ƙauyuka da yawa kuwa ba su taɓa ganin turken lantarki ba. Domin ɗanyun kayan miya akwai dabarar da wani malamin makaranta na jahar Jigawa a Najeriya, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa, har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Tukwanen ƙasa biyu ne, ƙarama cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen rairayi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, a ajiye a inuwa inda iska ke bi. Yadda randa ke sanyaya ruwa, haka wagga tukunya ke sanyaya tumatir da tattasai da yalo su ƙara kwanaki. Da rani ta fi aiki. Ba a sa mata nama ko dafaffen abinci.

Maganar makamashi ita ce ta fi wuya, musamman a arewacin Mayahi, inda itace ya yi ƙaranci har mata na dafawa da karan hatsi da kashin shanu. Bai dace ma'aikaci ya zo ya ƙara wa gari nauyin itace da murhun duwatsu uku ba. Murhun ƙarfe Mai Sauƙi, wanda aka fara yaɗawa a Nijar tun shekarun 1980, maƙeranmu sun iya ƙera shi, kuma yana rage cin itace. Tun da matatar mai ta SORAZ ta fara aiki kusa da Damagaram a ƙarshen shekarar 2011, iskar gas ta ƙasa ta samu, kuma ƙaramar tukunyar kilo 6 mai murhu a kanta tana daɗe wa mutum ɗaya. Wahalarta ita ce idan ta ƙare a ƙauye mai nisa sai an jira motar kasuwa, don haka a riƙa ajiye gawayi kaɗan saboda ranar. Abu ɗaya ne ba a yi ko kusa: hura gawayi cikin rufaffen ɗaki da ɗari, a kwanta. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci take ɗauke shi.

Inda ma'aikata suka kai biyu ko uku a gari ɗaya, abin ya fi sauƙi. Tsofaffin ma'aikata sun san abin da ake kira popot: malami da majo da malamin gona su yi karo-karo a farkon wata, a sayi kaya, a rubuta a littafi, kowa da ranarsa. Wanda aikin dare ya riƙe ya tarar an rufe masa nasa. Popot takan watse ne a kan abu biyu, wanda bai biya ba da wanda ba ya wanke tukunya, saboda haka a yanke waɗanga tun ranar farko.

Ba mu manta da ƴan uwanmu mata ma'aikata ba, ko da yake tasu matsalar daban ce. Ita ungozoma ba wanda ke aiko mata da akushi bayan kwana uku, domin ana cewa ai mace ce, ta iya. Ta kwana a tsaye wurin mai haihuwa, gari ya waye ta shiga awon ciki, ba wanda ya tambaya ko ta karya. Abin da da yawa ke yi shi ne su ɗauko ƙanwa ko ɗiyar ƴar uwa daga gida ta riƙa dafa musu, ita ma wagga yarinya sau da yawa karatunta ke biyan kuɗin tuwon. Dabarar jiƙo da naɗe tukunya da busassun kaya ta fi yi musu amfani fiye da kowa, kuma babu dalilin da zai hana a sa su cikin popot, a aika musu da nasu kason har gida.

Wani zai ce idan ma'aikata suka koma dafawa, mun kashe wa mata masu sana'a kasuwa. Ba haka ba ne. Mai dafa wa kansa ya fi kowa sayen abin da matan ƙauye ke da shi: fura, nono, ƙwan zabi, man gujiya, ƙuli-ƙuli, daudawa, dafaffiyar zogala. Kuɗin da ke tafiya wurin masu kifin gwangwani na ƙasashen waje sai su tsaya a gari. A nan akwai aiki ga matan da suka fito daga ajin yaƙi da jahilci, ku da kuke karanta wanga shafi. Ƙungiyarku tana iya yin yarjejeniya da ma'aikatan garinku: kowane mako ku kawo musu niƙaƙƙen gari, da busasshen dambu, da garin kunu, da dakakken yaji, a kan farashin da aka rubuta, wata daga cikinku ta riƙe littafin. Ciniki ne a fili, tsakanin manya, da rana tsaka. Akushin mai gari kuwa ba a ce a mai da shi ba, wanda ya yi haka ya yi rashin ladabi. A karɓa a yi godiya, amma kada kwano ya koma wayam, kuma bayan makon farko a je a gai da maigida a ce masa an kafa murhu, a bar akushi sai ranar Juma'a ko ranar salla.

Saura hukuma. Ana zana ajujuwa, ana zana gidan likita da gidan majo, amma sau nawa ake tunawa da inda malamin ƙauye zai ɗora tukunya? Sau da yawa ɗakin aro ne a gidan wani, ba rumfa ba madafa, wanda ko ya so dafawa sai ya ratsa tsakar gidan matan mutane. Shugabannin gundumomin Tasawa da Mayahi, da hukumomin garuruwa, da kwamitocin iyaye masu kula da lakwal suna iya gyara wanga da abin da bai kai kuɗin tebur biyu ba: ƴar katanga, rumfar kara, murhun laka, da randa. Makarantun horon malamai da na ma'aikatan lafiya a Maraɗi da Damagaram su ware ko yamma biyu kafin a sallami ɗalibai, a nuna musu jiƙon wake da tuƙin tuwo da ajiyar abinci, tun da an san inda za a tura su. Mai duba makarantu kuma, idan ya gama duba littafin shirin darasi da na kiran suna, ya zagaya bayan ɗakin malam. Idan ya tarar da ƴar lakwal a bakin murhu, ya rubuta a rahotonsa kamar yadda yake rubuta fashin aiki.